Injiniya Sai-Na-Ce da Allonsa Kore

Duk wanda bai san Injiniya Maniru Yero ba, to baƙo ne a Dutsin-Ma, ko kuma Allah bai nufe shi da ganin abin mamaki ba. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yana zuba ta aljihu: waya biyu a hagu, ɗaya a dama, ga igiya a wuya ɗauke da hotonsa don kada ya manta ko shi wane ne. Ko masallaci zai shiga, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya duba waya ya girgiza kai, yadda jama'a za su gane cewa duniya na hannunsa kuma tana ba shi wahala. Mu kuwa mutanen gari, da ba mu iya musu da mai tabarau ba, muka matsa masa a sahun gaba.

A kamfanin Hajiya Yahanasu Zinariya yake aiki. Ita ce ke sayen kifi a hannun masuntan dam ɗin Zobe, ta adana a ɗakin sanyin da ta gina a Kurfi, in ya yi daraja ta loda mota. Ofis a Dutsin-Ma, ɗakin sanyi a Kurfi, shago a Rawayau, kwamfuta ce ke haɗa su duka. A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar manhaja da ba ta da sana'a sai tsegumi. Ta sa ido kan manhajar da ke juya injin sanyi, ta sa ido kan ta ciniki, ta riƙa aiko rahoto zuwa wani faffaɗan allo a bangon ofishin Injiniya. In lafiya, allo kore. In da matsala, ya yi ja har da ƙara. Injiniya na kiran waɗannan manhajoji "'yan gadina", da irin muryar da mai garke ke ambaton shanunsa.

Kamfanin da ya ƙera 'yan gadin yakan sabunta su da kansa daga nesa, ba sallama ba neman izini. Wata ranar kasuwa sabuntawar ta faɗo ana tsakar ciniki, kwamfutar Rawayau ta sandare, masu saye suka yi cirko-cirko har titi, Hajiya ta kira Injiniya ta wanke shi tas a gaban kowa. Gaskiya a faɗe ta, abin da ya yi bayan nan dabara ce. Ya kashe sabuntawar da ke zuwa da kanta, don a riƙa zaɓar lokacin da babu ciniki, a gwada a kwamfuta ɗaya, in ta yi kyau a bi sauran. Haka masu hankali ke yi ko'ina. Sai dai su in sun kulle ƙofa sukan tuna su buɗe.

Shi kuwa Injiniya ya ɗanɗana mulki ya ji zaƙi. Ashe akwai maɓalli a duniya wanda ba mai taɓawa sai shi! Ya tara ma'aikata, ya gyara tsayuwa.

"Ku saurara da kyau. Daga yau babu abin da zai motsa cikin kamfanin nan sai na ce. Ko Turawan da suka ƙera abin, in suna son sabuntawa, su jira ni. Ni ba a yi mani ba-zata."

Daga ranar sunansa ya koma Sai-Na-Ce. Ya ji, ya kuma ɗauka kirari ne.

Sallah ta matso, Hajiya ta cika ɗakin sanyi maƙil da tarwaɗa da karfasa, ta ce da Injiniya in kifin nan ya kai ranar lodi lafiya, kujerar darakta tasa ce. Bai jira ranar ba. Ya ba mai fenti aikin wani katako mai faɗi, aka rubuta DARAKTA da ruwan gwal, ya naɗe shi cikin zane ya ajiye a bayan mota. Sannan ya je Kurfi ya rufe ɗakin sanyi, ya jefa makulli a aljihu, wai yawan buɗe ƙofa na zubar da sanyi, kuma mai allo ba ya bukatar leƙe.

Ana nan sai saƙonni suka fara shigowa daga masu manhajar. Sun ce tsofaffin 'yan gadi sun kusa daina aiki, duk wanda bai sabunta nasa ba kafin ƙarshen wata, ba za su ƙara kawo masa rahoto ba. Injiniya ya karanta na farko ya yi tsaki. Ya karanta na biyu a fili don ma'aikata su ji yadda ake roƙonsa.

"Ni za su ba wa'adi? Su bari sai na shirya. Sabuntawa ai ba fitsari ba ce da za a ce ta matsu."

Aka yi dariya, don dariyar maganar mai gida tana cikin aiki.

Wata ya ƙare, 'yan gadi suka yi gum. Allon kuwa bawan Allah ne, abin da aka faɗa masa na ƙarshe shi yake riƙewa, kuma na ƙarshen kore ne. A da yakan ɗan yi ja jefi-jefi, ya yi ƙara, a gyara. Yanzu shiru kake ji, kore shar kamar gonar albasa a bakin dam. Injiniya ya dubi wannan shiru ya ga hannunsa a ciki.

"Kun gani ko? Tarbiyya ke nan. Tun da na hana su rawar kai, ko tari babu mai yi."

Har baƙi yake jawowa daga titi su zo kallo. Mu ma mun je. Mun tsaya mun rungume hannu muna masha Allah a gaban allo, babu wanda ya tuna cewa shiru ma magana ce.

Malam Nu'uman, dattijon da ke kula da harabar ɗakin sanyi a Kurfi, shi ya fara bugo waya, yana ta kame-kame.

"Ranka ya daɗe, Injiniya, kamar ina jin wani ɗan bashi-bashi daga wajen ƙofa."

"Malam Nu'uman, fankar injin na juyawa?"

"Tana juyawa, ina jin kukanta."

"To allo kore ne. Kai da kwamfuta wa ya fi sani?"

"A'a, wane ni! Halan mura ce ke damuna."

Ya je ya sayi maganin mura ya sha. Maƙwabta suka ɗora laifi kan kwata, aka yi gayya aka yashe ta. Wari bai tafi ba, aka koma zargin wani bunsuru, har mai shi ya sayar da shi da arha don a zauna lafiya. Unguwa guda mai hanci lafiyayye ta taru ta ƙaryata hancinta, saboda wani allo a Dutsin-Ma da yawancinsu ba su taɓa gani ba.

Ana gobe lodi Injiniya ya ga lokaci ya yi da duniya za ta ga yadda ake danna maɓalli. Gwaji a kwamfuta ɗaya aikin matsorata ne, shi duka zai sabunta a bugu guda, kuma a gaban shaidu. Ya gayyaci Hajiya, da shugabannin masunta, da liman don addu'a, da mai hoto. Ya sha babbar riga mai aiki, ya karya hula. Bayan an shafa fatiha ya yi jawabi mai tsawo kan haƙuri da hangen nesa, ya kawo misalin kansa a wurare da dama.

"Wasu injiniyoyi manhaja ke juya su. Ni kuwa, Hajiya, ni ke juya ta. Yau na ce, don haka yau za a yi."

Ya ɗaga yatsa sama, ya jira mai hoto ya shirya, ya danna.

'Yan gadi suka farka. Kuma da yake tsegumi ne sana'arsu, ba su tsaya gaisuwa ba. Allon ya rine ja wur, ƙara ta cika ofis, wayoyin Injiniya uku suka ɗauki kuka a aljihu kamar an taka 'yan tsaki. Liman ya miƙe yana salati. Da manyan baƙaƙe allon ya sanar cewa manhajar injin sanyi ta tsaya tun farkon wata, fanka ce kawai ke kaɗa iska mai ɗumi. Kunya ta rufe Injiniya har ya ji rigar ta yi masa nauyi. Ya buɗe baki zai ce sabuwar manhajar ce ke da matsala, ya ga idon Hajiya, ya mayar da bakin ya rufe.

Aka ɗunguma zuwa Kurfi. Tun kafin a kashe mota warin ya fito tarye, ƙudaje na take masa baya. Malam Nu'uman na tsaye da ƙullin maganinsa, yana murnar ashe hancinsa ƙalau yake. Injiniya ya zaro makulli ya buɗe. Masunta suka ja da baya suna toshe hanci da hula, wani tsoho a cikinsu ya dubi wahalar da suka sha a ruwa ya kau da kai.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta ja mayafi ta rufe hanci, ta nuna masa ciki.

"Injiniya, ai ka ce babu abin da ke motsi a kamfanin nan sai ka ce. To ga su nan. Ce masu su fito."

Kifi bai fito ba. Aka nemi shebur a harabar aka rasa, sai direba ya buɗe bayan motar Injiniya ko za a dace, ya warware wani zane ya ciro katako mai faɗi da rubutun ruwan gwal. Hajiya ta karanta, ta karɓa, ta miƙa wa mai shi da hannu biyu.

Injiniya ya naɗe babbar riga ya duƙa. Da katakon ya kwashi ruɓaɓɓen kifi har la'asar, kuma duk wanda ya halarta ya shaida cewa daraktan ya iya aiki.