Gaisuwar da Ta Tsayar da Wasa

Ba zan taɓa mantawa da shuɗin filin nan ba, ko da na so in manta. Shi na fara gani da muka shiga. Ni a zatona ciyawa zan tarar, koriya shar irin ta talabijin, sai ga daɓe shuɗi a tsakiyar wani makeken zaure mai rufi, fitilu sun haske shi har ido na zafi. Abu na biyu kuma ganguna. Ban taɓa sanin ana kaɗa ganga a wasan tenis ba.

Makarantarmu ta unguwar Lewisham a London ce ta kai mu kallo. Gasar maza ce tsakanin ƙasa da ƙasa, Birtaniya da wasu baƙi masu jajayen riguna. Kowace ƙasa da kyaftin ɗinta zaune a benci a bakin fili, namu yana ta cizon farce. A cikin jirgin ƙasa malamarmu, Miss Harper, ta yi mana bayanin dokokin 'yan kallo. Ni kuwa a lokacin hankalina yana kan safar wani mutum da ke zaune a gabana, ɗaya baƙa ɗaya ruwan toka, ina tunanin ko ya sani. (Haka nake. Ina ganin safar mutane, ba na jin abin da zai amfane ni.)

Can sama aka zaunar da mu. Na ji daɗin haka, don ni a aji ma kujerar baya ce tawa, kuma akwai malaman da har yau ba su san muryata ba. Ina zaune lafiya lau ina kallon yadda ɗan wasanmu ke hura iska a yatsunsa kafin ya karɓi ƙwallo, sai idona ya sauka a kan wani mayafi ruwan zuma a layin ƙasa, dab da fili. Na san mayafin. Na san kuma yadda mai shi ke karkata kai in tana saurare. Hajiya Mariya ce, ita da wasu Turawa biyu.

Hajiya Mariya yayar Baba ce, 'yar wan mahaifinsa. Tana da gida a unguwar Marylebone, can take sauka in ta zo daga gida duba ɗanta Faruk da ke karatu. Tun da aka auro Mama daga ƙauyensu, dangin Baba suke jiran ranar da za a ce ta kasa tarbiyyar 'ya'ya a London. Bara na taɓa wuce Hajiya a wani asibiti ban gan ta ba, wallahi ban gan ta ba. Kafin in isa gida ta buga wa Mama waya. "'Yarki ta zama Baturiya, Rabi. Ta dube ni ta wuce kamar bango." Ranar Mama ta yi kuka a kicin, ta kunna famfo don kada mu ji. Da ta fito ta ce min, "Ko a kan titin jirgi kika ga babba, ki gaishe shi. Kada ki sake ba su bakin magana a kaina."

To ina cikin wannan tunani sai Hajiya ta waiwayo, ta ɗaga kai sama. Na tabbata idonmu ya haɗu. (Yanzu da na nutsu, ina ganin agogon bango take dubawa.)

Daidai nan aka ci maki, zauren ya kaure da ihu da ganga da busa. Na ce a raina, yauwa, ga dama, ba wanda zai lura da ni. Na miƙe na ratsa ƙafafun 'yan ajinmu na kama matakala. Na ji Miss Harper tana kiran sunana ƙasa-ƙasa, na ɗauka tambaya take ina za ni, na nuna mata ƙasa da yatsa. Wani ma'aikaci ya ɗago min hannu daga nesa, ni kuma na ɗaga masa nawa. Gaisuwa na zata.

Na isa gefen kujerar Hajiya, na gyara siket, na durƙusa har ƙasa kamar yadda aka koya min, kaina a sunkuye.

"Hajiya, ina wuni?"

Ba ta amsa ba. Na ce hayaniya ce ta hana ta ji. Abin da ban lura ba, ni mai lura da safa, shi ne hayaniyar ta ɗauke ɗif. Ashe in ɗan wasa zai buga ƙwallo, ko tari ba a yi, balle yawo a matakala. Sai na ɗaga murya, muryar nan tawa da malamai ke roƙo su ji.

"Hajiya, ina wuni? An zo lafiya? Ya su Yaya Faruk?"

Na ji Hausata ta tafi ta bugi rufin zauren ta dawo min. Sai ƙarar ƙwallon da ɗan wasanmu ke dunguri da ita a ƙasa, tap, tap, ta tsaya. Daga saman doguwar kujerarsa alƙalin wasa ya yi magana a lasifika, a hankali, da ladabin nan nasu mai yanka: "The young lady on the stairs, please. Thank you."

Na ɗago. Duk zauren ni yake kallo. A babban allon da ke rataye sama ga wata yarinya a durƙushe cikin rigar makaranta, hijabinta ya karkace, bakinta a buɗe. Sai da na ɗan jima kafin na gane ni ce. Wasu suka fara dariya, wani daga ɓangaren masu jajayen riguna ya buga ganga sau ɗaya, dum, kamar don ni.

Hajiya kuwa ko juyowa ba ta yi ba. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, na ga ta matse jakarta. Baturiyar da ke kusa da ita ta tambaye ta ko ta san ni. Hajiya ta yi ɗan murmushi ta ce, "I think she's lost." Wai ɓata na yi.

Ma'aikacin nan ya zo ya zaunar da ni a kan matakalar, don ba a hawa sai an tafi hutu. Nan na zauna, gwiwata na taɓa takalmin Hajiya, ina shaƙar turarenta. Ɗan wasanmu ya buga ƙwallo ta faɗa raga. Ya sake bugawa ta sake faɗawa. Mutum dubu nawa ne suka yi tsaki tare ban sani ba, amma na san wa suke wa.

A hanyar dawowa wata 'yar ajinmu, Kayla, ta dinga durƙusawa a tsakiyar jirgi tana haɗa hannu tana cewa, "Your majesty!" Har Miss Harper sai da ta kau da kai don kada a ga tana dariya. Ta tambaye ni wace ce matar. Na ce ban san ta ba. Ai Hajiyar ce ta fara.

Na shiga gida ina shirya yadda zan ba Mama labari ta yadda za ta ji cewa ko ba komai na fitar da ita kunya. Tun daga ƙofa na jiyo muryar Hajiya a waya, Mama ta sa a speaker don hannunta duk kullu ne.

"A gaban baƙina, Rabi! A gaban duniya! An nuna a talabijin. Yarinya kamar yau aka sauke ta daga mota a tasha. Ba kwa koya musu yadda ake zama cikin mutane ne?"

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Yarinta ce. Laifina ne."

A nan na koyi darasina, kuma ba na tenis ba ne. Bara na yi laifi don ban gaishe ta ba, bana na yi laifi don na gaishe ta. Akwai mutanen da ba gaisuwarka suke jira ba, kuskurenka suke jira, kuma ba su damu da wanne ka kawo musu ba.

Na leƙa kicin. Wayar tana kan tebur kusa da kwanon kullu. Mama kuwa ta rusuna a gabanta, gwiwa ta kusa taɓa ƙasa, kai a sunkuye, tana ta "To, Hajiya. Na gode, Hajiya. Allah ya huci zuciyarki."

Na ajiye jakata, na matsa kusa da ita na kama gwiwar hannunta, na yi magana a kunnenta don kada wayar ta ɗauka.

"Mama, don Allah ki miƙe tsaye. Ba ta ganin ki."