Ranar da Na Tashi Hura wa Kifi Hanci

Ba zan taɓa mantawa ba da fitata ta farko cikin teku, ni ɗan Dogon Dutsi da bai san ruwan da ya wuce tabkin damina ba. Karatu ya kai ni Senegal, aka haɗa ni da masu bincike a wani jirgin masunta. Aikinmu a kan rekan ne, kifin nan mai haƙora kamar zarto. Masunta ba shi suke nema ba, ƙugiya ce ke kamo shi, sai su mayar da shi ruwa. Mu kuma mu liƙa masa 'yar na'ura a baya, bayan makonni ta aiko mana labarin ko ya rayu. Madam, shugabar binciken, ta ce a wannan fitar za ta ga ko zan ci gaba da bin jirgi ko in koma ofis. (Ni kuwa na riga na cika Arewa da baki, har ana ce mini likitan kifi.)

Aka jawo wani mai tsawon taɓarya. Madam ta liƙa na'ura, ta juya ɗauko abin awo. Kifi ya yi lamo, ko motsi babu. Na ɗauka mutuwa zai yi. An koya mana a aji cewa ba a ɗaga shi ta wutsiya, ruwan teku ake zuba masa a baki a sake shi da sauri. Duk ya fice daga kaina. Kakata ta ƙauyen Kiyeshe kawai na tuno, idan akuya ta haihu ɗan bai numfasa ba: sai Kaka ta kama ƙafafunsa na baya, ta girgiza shi, ta hura masa hanci.

Na kama wutsiya, na girgiza, har da bisimilla, na turo baki zan hura. Ashe gogan hutawa yake yi. Ya lanƙwaso ya cafki wandona daidai gwiwa, na sake shi, ya sauka da wandon har idon sawu. Na tsaya tsirara in ban da ɗan kamfai, ina kwarara ihun "Wayyo Kaka!" Masunta suka jefa shi ruwa da ƙyallena a bakinsa, suna dariya har da hawaye.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Idan ya mutu, kai ne sanadi."

Wallahi ban taɓa yi wa kifi addu'a ba sai lokacin. Wani kuma ya ɗauki bidiyo, kafin in sauka daga jirgi ya isa Dutsi. Kaka ta kira ni: "Kai wanga yaro, mi kay yi haka? Kihi aka hura ma hanci? To, ya dai tashi?"

Ya tashi kuwa. Na'ura ta nuna yana nitso yana tasowa abinsa, lafiya lau. Na yi murna har na yi ƙwalla. Madam ta bar ni in ci gaba da bin jirgi, da sharaɗin duk inda muka je horar da masunta, bidiyona za a fara nunawa, a ga abin da ba a yi. Suna sheƙa dariya, amma har yau ban ga wanda ya sake kama wutsiya ba.

Kaka dai ta kafe cewa girgizar ce ta tashe shi, ban kuma yi mata musu ba. Ni abin da na koya shi ne, maganin akuya a bar shi a Kiyeshe, wando kuma a ɗaure shi da mazagi biyu.