Waƙata a Rediyon Tasi

Da abokina darakta ya ce zai sa waƙata ta hip-hop a fim ɗinsa, ban tsaya tambayar a ina ba. Na kwaso 'yan ofishinmu, har da oga, muka tafi kallo a Durumi. Zama ya gagare ni, sai zungurin na kusa nake: "Kasa kunne, yanzu za ta shigo."

Can sai ga jarumar a tasi, muryata na tashi daga rediyo. Ta yamutsa fuska ta ce, "Direba, don Allah kashe kukan akuyar nan."

Oga ya yi dariya har da hawaye. Har yau, in na buɗe baki a taro, sai na ji "meee" daga baya.