Nonon Uwa Zalla, Amma Ban da Shiga da Yara

Jiya ni aka saɓa wa jikana, don ciwon ƙafa ya hana kakarsa fita. Tun safe yake tsala ihu, uwarsa kuma hutun haihuwa ya ƙare, ta koma aiki. Na ce bari in kai mata shi ofis ya sha, mu ma mu sarara.

Mai gadi ya tare ni a ƙofa. "Baba, ba a shiga da yara."

Na ce, "Ɗana, ɗaga kai ka ga abin da ke samanka." Wani ƙaton allo ne, mace rungume da jariri, an rubuta Nonon Uwa Zalla. A ofishin wayar da kan mata game da shayarwa 'yar tawa take buga takardu.

Ya ce, "Ai wannan na hoto ne, Baba, ba ya kuka."

Sai ga ta da gudu, gaban rigarta a jiƙe. Ta karɓe shi ta zauna kan bulo a bayan janareto, hayaƙi yana turnuƙe su. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce ina ɗakin shayarwar da Mai Girma Uban Masu Jego ya buɗe da almakashi da tafi?

Ta ce, "Yana nan a kulle, Baba. Hotunan zalla aka jibge a ciki har rufi."

Madalla da wannan hikima! Hoto ya sami inuwa da fanka.

Shi dai Mai Girman ne na ji a rediyo yana huci, wai yankinmu ne kurar baya a ƙididdigar shayarwa. Wai laifin jahilci ne, da kakanni masu ɗura wa jarirai ruwa. Kakar yaron ta ce, "To me zan ba shi in yana shiɗewa uwarsa na ofis? Nawa? Nawa ya yi ritaya tun Mai Girman bai fara gemu ba."

Dariya na yi a lokacin, jiya kam ban yi ba. Yaron ya kama, ya saki, ya sake kamawa, ya fashe da kuka. Nonon da ba a jan sa da rana janyewa yake yi, ko ni da ban taɓa jego ba na sani. Wuyan yaron har ya fara tsawo.

Ta miƙo mini shi idonta ya kawo ruwa. "Baba, gobe za mu tafi taron bita na mako guda a otal, kan yadda za a ƙarfafa wa mata gwiwar shayarwa. An ce duk wadda ba ta je ba a bakin aikinta."

"Da shi za ki?"

Ta girgiza kai.

A hanyar gida na tsaya kanti na sayi madarar gwangwani, na tura ta cikin aljihu. Don Allah ku rufa mini asiri, kada Mai Girma ya ji jahilan yankinmu sun ƙaru da mutum ɗaya.