Ranar da Aljihuna Ya Yi Hayaƙi a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, kuma ko na so in manta, akwai wani dattijo a Nyanya da ya ɗauki tuna mini a matsayin aikinsa. Yanzu surukina ne. A lokacin kuwa mahaifin yarinyar da nake nema ne kawai, kuma saura ƙiris dangantakar ta tsaya a nan.

Na daɗe ina shan taba. Tun muna makaranta na koya, wai don a ce mini wayayye, na kuma taho da abata har Abuja. Da na haɗu da Nusaiba ba ta yi mini wa'azi ba, cewa kawai ta yi, "Ni zan iya haƙuri har ka daina, amma Abba ba ya wannan haƙurin." Abban nata, Alhaji, Bazazzagi ne mai shagon turare a kasuwar Nyanya, kuma duk unguwar an san hancinsa. (An ce wani saurayi ya taɓa zuwa neman yayar Nusaiba, da motarsa mai sheƙi da komai. Alhaji ya shaƙi iskar da ta shigo da shi, ya ce a ba baƙo ruwa ya sha ya kama hanya.)

Sai na kai kukana wurin Bashir, abokin aikina, mutumin da babu wata matsala a duniya da ba shi da na'urar maganinta. Washegari ya zo mini da wani abu kamar ƙaramin rediyo, da ɗan gilashi a gefe mai nuna lambobi, da 'yar kwalba a sama mai bakin zuƙa. Ya ce tabar lantarki ce, wadda 'yan gayu ke kira vape. Ba ashana, ba toka. Wani ruwa mai ƙanshin mangwaro ake zubawa a kwalbar. A ciki akwai 'yar waya da auduga, idan ka danna babban maɓalli sai batir ya zafafa wayar, ruwan ya koma tururi. Abin da ya fi burge ni shi ne wasu ƙananan maɓallai biyu na ƙara ƙarfin wutar da rage shi.

"Oga, ka fara daga ƙasa," in ji Bashir. "Ka bari audugar ta sha ruwa tukuna, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In za ka sa a aljihu kuma, ka danna babban sau biyar da sauri, ta kulle. Kana ji na kuwa?"

Na ce na gane. Wallahi ban gane komai ba, idona na kan maɓallin ƙari.

To, ni wani irin mutum ne da ban san tsakiya ba. Fanka a lambar ƙarshe nake barin ta, rediyon mota sai maƙwabta sun san tashar da nake ji, yaji kuwa sai mai tsire ya ce mini ya isa haka. Saboda haka a wurin ajiye motocin ofis na zuba ruwan, ban jira ko daƙiƙa ba, na danna ƙari har lambobin suka ƙi gaba, na zuƙa da ƙarfina. Kun san warin tsumma idan ya kama wuta a kicin? To shi na haɗiya. Na yi tari har na rungumi bayan motar wani, hawaye na zuba, Bashir kuwa ya zauna a ƙasa yana dariya. Na ƙona audugar ƙurmus, sai da aka sauya wayar.

Daga nan na ɗan yi hankali. Na sauke wutar, na sami inda ta yi mini daidai, makonni suka wuce ban taɓa karan sigari ba. Na kira Nusaiba cike da alfahari na ce mata na daina. Ta ce, "Ka daina, ko dai ka sauya mata kaya?" Na ce netuwok ba kyau, ban ji ta ba.

Ana nan sai saƙo ya zo: Alhaji ya ce kafin manya su zauna maganar aure, yana so ya ga yaron da idonsa. Baffa Sale, ƙanin mahaifina, shi zai raka ni. Baffa mutum ne da zai iya rantsuwa ban taɓa shan abin da ya fi shayi ƙarfi ba, kuma na daɗe ina kula da wannan kyakkyawan zaton nasa.

Na ɗinka farar shadda sabuwa. Telan ya yi mini irin ɗinkin samarin Abuja, wando matsattse kamar an zana shi a jiki. (Na ce masa ya sassauta, ya ce oga, haka ake yayi. Allah ya isa ban ce ba, amma na yi tunanin cewa.)

Bayan azahar muka kama hanyar Nyanya, muka faɗa cikin gosulon da kowa ya sani. Motoci ba sa motsi, maƙogwarona na ƙaiƙayin taba, Baffa kuma yana gefena yana koya mini ladabin gaida surukai. "Ka durƙusa sosai, ka ji ko? Ban da irin gaisuwarku ta 'yan boko, a tsaye kamar sanda. Kuma kada ka ɗago sai an ce ka zauna."

Da muka iso kusa da tasha ya ce in tsaya ya sayi goron da za mu riƙa. Yana juya baya na zagaya bayan mota na zaro abata. Lokaci kaɗan ne, ni kuma ina son abin da zai kwantar mini da hankali nan take, sai tsohon halina ya motsa: na danna ƙari har ƙarshe. Zuƙa biyu na yi na hango hular Baffa tana dawowa. Na cusa ta a aljihun wando, na watsa alewar minti a baki, na feshe jikina da turare. Dannawa biyar ɗin nan ta Bashir ko a raina ba ta zo ba.

Aka shigar da mu falon Alhaji. Yana zaune a kan darduma, dogo, fari, da carbi a hannu. An riga an ajiye mana jug ɗin zoɓo mai sanyi daga cikin gida. Baffa ya gaisa da shi ya zauna. Ni kuma na zube a gabansa na durƙusa yadda aka koya mini, wandon ya ɗaure cinyata tam.

"Barka da yamma, Baba."

Tsss.

Na ji sautin, amma na ɗauka daga kicin ne. Alhaji ya amsa, ya ce ya hanya. Na ƙara sunkuyawa na ce lafiya lau. Tsss. Ya ce ya mutanen gida. Na sunkuya. Tsss. Kun dai san gaisuwarmu ba ta da gajeriyar hanya: ya aiki, ya gajiya, ya zafi, ya muka ji da gosulo. Kowace tambaya sai na rusuna, kowane rusunawa sai wandon ya danna maɓallin. Na fara jin ɗumi a cinyata, ɗumin ya zama zafi, amma Baffa ya ce kada in ɗago sai an ce in zauna, kuma ba a ce ba.

Sai na ga hancin Alhaji ya motsa. Carbin ya tsaya. Na bi idonsa da kallo, na ga wani siririn farin hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin rigata, yana hawa sama a natse kamar shi ma gaisuwa ya zo. Falon ya cika da warin ƙonannen mangwaro.

"Innalillahi, yaron nan wuta yake ci!" in ji Baffa. Kafin in buɗe baki ya suri jug ɗin zoɓon ya juye mini shi a cinya gaba ɗaya. Farar shadda ta koma ja tun daga ƙugu har gwiwa, ƙanƙara na gangarawa cikin wandona, ni kuma har yanzu ina durƙushe.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Hannu kawai ya miƙo. "Ɗana, fito da abin da ke aljihun nan mu gani."

Na zaro ta tana ɗigar zoɓo na ba shi. A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Amma tsoro ya riga hankali isa bakina, na ji kaina ina cewa, "Na'urar turaren wuta ce, Baba. Ta zamani."

Ku duba fa. Duk ƙaryar da ke duniya, turare na zaɓa in yi wa mai shagon turare.

"Ikon Allah," in ji shi, yana jujjuya ta. "Tun kafin a haife ka nake wannan sana'a, ban taɓa cin karo da turaren ƙonannen mangwaro ba. Ina ake sa gawayin?" Na ce ba ta amfani da gawayi. Ya ce madalla. Ya taɓa bakin da yatsa. "Nan kuma fa? Na ga kamar wurin haƙori. Ko turaren naku sai an cije shi yake tashi?"

Baffa ya juyo ya dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na sunkuyar da kai na faɗi komai: sigarin, Bashir, maɓallin ƙari, har da bayan mota a tasha. Ina magana ina jin Nusaiba tana zame mini.

Da na gama Alhaji ya ce, "Ai Nusaiba ta gaya mini tun tuni. Ta ce kana sha, kana kuma ƙoƙarin bari. Shi ya sa na ce ka zo, in ji ko za ka faɗa da bakinka. Tabar ba ta ɓata mini rai kamar ƙaryar turaren ba." Ya ajiye na'urar a gefen dardumarsa. "Wannan ta zauna a nan. Ka je. Ranar da ka rabu da ita da yayarta sigari gaba ɗaya, ka dawo. Ba sai ka yi mini bayani ba, hancina zai gaya mini."

Na ja mota har muka fita daga Nyanya. Sai can Baffa ya ce, "Zoɓon nan ma ko kurɓa ban yi ba."

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Na ci goro har haƙorana suka fara sauya launi, na yi faɗa da mutanen da ba su yi mini komai ba, Bashir ya zo mini da wata sabuwar na'ura na kore shi. Nusaiba kuwa kullum ta kira sai ta tambaye ni ko a kawo zoɓo. Ranar da muka koma ni da Baffa, ina sanye da wando mai faɗi irin na dattawa, Alhaji ya bar ni na durƙusa, ya matso ya ja numfashi mai tsawo, sannan ya ce wa Baffa manya za su iya zuwa.

An ɗaura aure, har mun sami ɗiya. Na'urar tana nan a cikin kabad ɗin falonsa, tsakanin kwalaben turare, duk baƙon da ya tambaya sai an ba shi labarin tun daga gosulo. A gidan ba mai kira na da sunana, Mai Turare ake ce mini, har ɗiyar tawa ta fara gwadawa.

Abin da na koya shi ne, duk abin da ke da maɓalli, ka fara sanin yadda ake kashe shi kafin ka nemi yadda ake ƙara shi. Bakinka ma yana ciki. Har yau kuma, duk ranar da na je gaida Alhaji, ina fara durƙusawa zai leƙa ƙofar cikin gida ya ce, "Hajiya, a matso da zoɓon kusa, ga shi nan zai gaishe ni."