Gaisuwar Gidan Lawan

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na unguwar Gwange a Maiduguri ba, ko da na manta sunan amaryar (kuma na manta ɗin).

A ƙauyenmu akwai gida ɗaya da ya kere sauran, gidan Lawan, wato mai garinmu. Lawan na fari ne ya gina shi da jan bulo, da soron sama inda ake hango baƙo tun yana nesa. Ɗansa ya kewaye shi da katangar laka, ya ƙara zaure da rumbuna. Jikan kuwa ya sayar da dawakai ya rufa kwano, tsofaffi suka yi ta tsaki. Babana Modu magini ne, shi ke jan gayyar yaɓen katangar duk bayan damina, ni kuma ina kai masa kunu ina jin kamar gidanmu ne.

Uwar gidan, Ya Hajja, ban taɓa ganin fuskarta ba. Wa ya isa? Tun a zaure za ki cire takalmi, ki durƙusa, kai a ƙasa, kina tafa hannu a hankali kina gaisuwar "wushe, wushe". Iyakar abin da na sani a jikinta, ƙafafu masu lalle da ƙamshin humrarta, sai kuma muryarta.

Da rikici ya koro mu Maiduguri, kowa ya kama gabansa. Na zauna a unguwar Ajilari, na yi furfura, har na shiga ajin yaƙi da jahilci, amma tambaya ɗaya ta ƙi barina: gidan nan yana tsaye? Wasu su ce an ƙone shi, wasu su ce ƙarya ne. Da na ji Ya Hajja za ta zo bikin, sai na ce to, a bakinta zan ji.

Ina shiga, ƙamshin ya buge ni. Can kan kujera ga wata mace ta hakimce, lafaya mai tsada, zinare har gwiwar hannu. Ban tambayi kowa ba (ni ai ba a koya mini abin da na sani). Na cire takalmina, kuma kun san biki da ɓatan takalmi. A bakin ƙofa akwai wata 'yar tsohuwa kan tabarma, mayafinta ya koɗe. Na dangwara mata su a cinya.

"Iya, riƙe min. Ki kula, sababbi ne."

Na rarrafa gaban kujerar, kai a ƙasa, ina tafi. Na zuba gaisuwa, na jero Lawanai ɗaya bayan ɗaya, wanda ya gina, wanda ya kewaye, wanda ya sayar da dawakai. Da na zo kan soron sama sai kuka ya ƙwace mini, har da majina.

Matar ta janye ƙafarta ta ce, "Mama, lafiya? Ni fa turare na kawo wa amarya. Shagona yana kasuwa."

Wata ta kasa riƙewa, ta fashe da dariya, sauran suka bi. Sai na ji murya daga bakin ƙofa, muryar da ko a kabari zan gane.

"'Yar Modu, kin tsallake Lawan Kolo. Wata bakwai kawai ya yi, amma shi ya haƙa rijiyar."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na gode mata. Na juya da rarrafe (gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba). A karon farko na ɗaga kai na kalle ta: fuska 'yar ƙarama, ido ɗaya ya yi fari, takalmina a rungume kamar jariri.

"Ya Hajja, ki yafe mini."

"Zauna, ke da bakin nan naki. Tun kina kawo kunu muke jin ki daga cikin gida."

Na zauna a ƙasa, na tambaye ta abin da ya kawo ni. Ta murza bakin mayafinta.

"Ba wanda ya ƙone shi," ta ce. "Katangar ce ba mai yaɓe, damina ta cinye ta. Kwanon an kwashe. Soron yana nan dai. An ce kurna ta fito a tsakiyar zaure, har tana 'ya'ya."

Ni da na shirya wa labarin wuta, sai wannan ya fi yi mini ciwo. Mata suna ta guɗa a kanmu. Da aka kawo shinkafa, ta jawo hannuna cikin kwanonta, muka ci tare.

Da zan tafi ta miƙo mini takalman ta ce, "Ga amanarki. Duba da kyau, ban sa ba."

Tun daga ranar, kafin in durƙusa wa mutum sai na tambayi sunansa. Takalmi kuwa, a jaka nake cusa abina.