Yadda Na Mayar da Mai Shayi Injiniya

A shagona na unguwar Lazaret na ɗora sistem, wato manhajar wani kamfani, kan ordinata, wato kwamfuta, ƙirar abokin hamayyarsa. Na san kamfanin ya haramta haka, amma na yi ta cika baki: "Su zo Yamai su kama ni!"

Sai ga wani mutum sanye da kostim, wato kwat da wando. Ya leƙa na'urar ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce a raina, lauyan kamfani! Na nuna Hamani mai shayin bakin shagona na ce, "Shi ne, mushe, ranka ya daɗe."

Ashe daraktan lakwal ne, aikin ordinatocin makarantarsa ya kawo. Ya riƙe hannun Hamani yana ta yabo. Da na ce ni ne, ya harare ni ya fice.

Har yau in na je shan shayi, Hamani kan ce, "Jira, yarona, injiniya na aiki."